Grand Seiko: Kuɗin Aiki Ko Kuɗin Suna?

Sunan Seiko ba baƙo ba ne a kasuwannin ƙasar Hausa. An daɗe ana ganin agogon nan da ake kira Seiko 5 a hannun malamin makaranta da akawu da direban babbar mota, masu gyaran agogo na bakin kasuwa kuwa sun san shi kamar yunwar cikinsu. Agogo ne na mai ƙaramin ƙarfi, mai jure ƙura da zufa, wanda ba ya bukatar batir. Saboda haka idan aka gaya wa mutum cewa akwai wani agogo daga wannan gidan, mai suna Grand Seiko, wanda kuɗinsa kan kai dalar Amurka 9,000 ko ma fiye, abin da zai fara fitowa daga bakinsa shi ne: “Seiko ɗin?” Ba shi kaɗai ba ne. Attajiran Turai da Amurka sun shekara da shekaru suna yin wannan tambaya, suna wucewa su sayi na Suwizalan.

A cikin wannan tambaya ne darajar agogon take. Mafi yawan kayan ƙawa masu tsada, suna ake saye, aiki ya biyo baya. Shi kuwa wannan agogo sunansa cikas ya zame masa, don haka ba shi da abin da zai kare kansa da shi a gaban mai saye face aikin da ke jikinsa. Ra'ayin wannan maƙala shi ne, aikin ya cancanci a biya shi, amma ba don dalilan da 'yan talla suke bayarwa ba, kuma ba ga kowane mai saye ba.

Ya kamata a fara da sanin abin da ake magana a kai. Agogo mai wani, watau wanda ake wanawa da yatsa ko kuma motsin hannun mai shi ya riƙa wana shi, ba ruwansa da lantarki. Ƙarfinsa duka yana cikin wani dogon sifirin da aka naɗe kamar gammo a cikin ɗan gwangwani. Idan an wana shi sai ya nemi warwarewa, yana tura jerin ƙananan faifai masu haƙora, kowanne yana juya na gabansa. Da za a ƙyale shi, nan take zai zubar da ƙarfinsa ya tsaya. Abin da ke hana shi, wani ɗan ƙarfe ne mai ƙaho biyu da ke tare haƙorin faifan ƙarshe, ya saki, ya sake tarewa, ya saki. Shi ma wannan ɗan ƙarfe umarni yake karɓa daga wani zobe mai lilo, wanda aka ɗaure wa wani sifirin da bai kai kaurin gashin kai ba. Ƙarar nan da ake ji idan an kara agogo a kunne, muryar wannan tarewa da saki ce. A cikin mafi kyawun injinan Grand Seiko zoben yana bugawa sau 10 a kowane sakan, watau sau 36,000 a awa, sau 864,000 a kwana ɗaya, ba hutu ba barci.

Ƙa'idar da kamfanin ya gindaya wa kansa ita ce, a lokacin gwaji injin kada ya yi gaba da fiye da sakan 5 ko baya da fiye da sakan 3 a kwana ɗaya. Kwana ɗaya sakan 86,400 ne, mai karatu sai ya yi lissafin da kansa. Ana gwada kowane inji har kwana 17, a kwance da a tsaye ta fuskoki shida, cikin sanyi da ɗumi da zafi. Hukumar gwajin agogo ta Suwizalan, wadda ake kira COSC, kwana 15 take gwadawa, ta fuskoki biyar, kuma tana yarda da sakan 6 gaba ko 4 baya. Amma don kada a yi wa kowa rashin adalci, kamfanin Rolex tun 2015 yake alkawarin sakan 2 gaba ko baya, kuma shi kansa Grand Seiko yana gaya wa mai saye cewa a hannun mutum mai zirga-zirga kuskuren kan fi na ɗakin gwaji. Ba a ce babu na biyunsa ba ke nan. An dai ce ya shiga sahun gaba.

Yadda ya shiga sahun shi ne abin nazari. Agogon Turai ya isa Japan tun 1551, lokacin da ɗan mishan Francis Xavier ya ba wani basarake kyautarsa, amma har 1873 Japanawa ba su lissafa lokaci irin na Turai. Rana sukan kasa ta kashi shida, dare ma kashi shida, sai kason ya tsawaita ko ya gajarta bisa ga yanayin shekara, kusan yadda hantsi da walaha suke bin rana ba su bin ƙarfe. Maƙeransu sai suka yi ta sarrafa agogon baƙi don ya bi wannan lissafi. Shekara takwas bayan an sauya tsari, a 1881, wani saurayi ɗan shekara 21 mai suna Kintaro Hattori ya buɗe shago a Tokiyo yana sayar da agogo yana gyarawa. Mai gyara ne, kamar na bakin kasuwa. A 1892 ya kafa masana'antar Seikosha yana ƙera agogon bango, a 1913 ya fitar da agogon hannu na farko da aka yi a Japan, mai suna Laurel. Girgizar ƙasar 1923 da gobarar da ta biyo ta suka cinye masana'antar, aka sake ginawa, a 1924 sunan Seiko ya fara bayyana a fuskar agogo.

Grand Seiko na farko ya fito a watan Disamba na 1960, daga masana'antar Suwa Seikosha da ke cikin duwatsun lardin Nagano, a kan yen 25,000, kwatankwacin albashin wata biyu na wanda ya gama jami'a ya kama aiki. A wancan zamani kayan Japan ba su da mutunci a idon duniya, ana ɗaukarsu kwaikwayo ne mai araha. Abin da kamfanin ya yi don wanke kansa ya cancanci a tsaya a kansa. Bai tsaya a gida yana yabon kai ba, tun da yabon kai jahilci ne. Ya ɗauki injinansa ya kai su gidan abokin hamayya, watau gasar daidaiton agogo da cibiyar nazarin taurari ta Neuchatel a Suwizalan take shiryawa, inda alƙalan 'yan Suwizalan ne, ma'aunin ma nasu ne. A 1964, shekarar da Seiko ya riƙe lokaci a wasannin Olamfik na Tokiyo, mafi kyawun injinsa mai wani ya zo na 144. Wani da ya ji kunya ya janye. Su kuwa suka koma gida suka yi ta gyara, kuma da yake masana'antun kamfanin biyu ne, Suwa da Daini, aka bar su suna kishi da juna kamar kishiyoyi, kowace tana ƙoƙarin ta fi 'yar'uwarta. A 1967 Daini ta zo ta biyu a jerin kamfanoni, Suwa ta uku. Daga nan aka dakatar da gasar Neuchatel. Masu ƙaunar Seiko sukan ce tsoro ne ya sa 'yan Suwizalan suka naɗe tabarma, amma dalilin da ya fi kama hankali ya bayyana a gasar Jeniba ta 1968: injinan Suwa sun kwashe matsayi na huɗu har zuwa na goma, sun doke duk wani agogo mai wani da ke wurin, amma ukun farko agogo ne masu lantarki na 'yan Suwizalan. Zamani ya riga ya juya.

Abin mamaki kuma, da hannun kamfanin ne aka ƙarasa juya shi. Ranar 25 ga Disamba 1969 Seiko ya fitar da Astron, agogon hannu na farko a kasuwar duniya mai aiki da batir da ƙanƙarar dutsen da ake kira kwaz. Kuɗinsa yen 450,000, kuɗin ƙaramar mota a lokacin, kuskurensa kuwa sakan 5 ne a wata, ba a kwana ba. Cikin 'yan shekaru farashin irinsa ya faɗi warwas. Masana'antar agogon Suwizalan, wadda take da ma'aikata wajen 90,000 a 1970, ta koma wajen 30,000 a tsakiyar shekarun 1980. Wanda ya haƙa ramin bai tsira ba shi ma: a tsakiyar shekarun 1970 aka daina ƙera Grand Seiko mai wani, ba a dawo da shi ba sai 1998, da sabon inji mai lamba 9S. Sama da shekara 20 ke nan sana'ar tana kwance.

To a nan ne ya kamata mai hankali ya yi tambaya mai nauyi. Idan lokaci ake so a sani, ƙaramin Casio na roba, irin F-91W da ya fito a 1989, wanda ɗan sakandare ke ɗaurawa, kuskurensa bai wuce sakan 30 a wata ba. Agogon da ke yin gaba da sakan 5 kullum kuwa ya tara minti biyu da rabi a wata. Wayar da ke aljihu ta fi su duka. Duk wanda ya ce ya biya dala dubbai don ya san ƙarfe nawa, ko dai yana yaudarar mutane ko yana yaudarar kansa. Mai sukar da ya ce wannan almubazzaranci ne yana da hujja, kuma ba a kore hujjarsa da cewa bai waye ba.

Amsar da za a iya ba shi guda ɗaya ce, ita ce wadda mai sayen babbar riga aska takwas ɗinkin hannu zai bayar idan aka nuna masa ta keke, wadda ta fi araha kuma take rufe jiki daidai wa daida. Ba sutura kaɗai ya saya ba, ya sayi watannin da maɗinki ya yi a zaune da allura, kuma wanda ya san ɗinki da ya juya bayan rigar zai gane. Sharaɗin dai shi ne aikin ya kasance yana nan da gaske, ido zai iya ganinsa, ba labari ba. A wannan fage ne agogon Japan ya fi ƙarfi.

A dubi gidan agogon, watau ƙarfen da ya kewaye injin. Wani mai zane na kamfanin, Taro Tanaka, ya lura a farkon shekarun 1960 cewa idan aka jera agogon Japan da na Suwizalan a kanti, na Suwizalan ne ke ɗaukar ido. Sai ya tsara wa kamfanin ƙa'idoji: fuskokin ƙarfe su zama shimfiɗaɗɗu, gefuna su zama masu kaifi, kada hoton da ƙarfe ya nuna ya karkace ko kaɗan. Agogon da ake kira 44GS, na 1967, shi ne ya fara cika waɗannan ƙa'idoji, kuma har yau siffarsa ake bi. Faɗar wannan ta fi yinsa sauƙi. Goge ƙarfe da tsumma mai juyawa, yadda aka saba, yana sa shi ƙyalli, amma yana cinye gefe ya mai da shi dulɓulɓul kamar tsohon sabulu. Don kauce wa haka ake amfani da wata hanya da Japanawa ke kira Zaratsu, sunan da suka aro daga Sallaz, kamfanin Turai da ya ƙera injin gugar da suka saya. Ma'aikaci yana riƙe ƙarfen da yatsunsa, ya danna shi a fuskar wani faifai mai juyawa da aka lulluɓe da abin wasa ƙarfe. Ba ya iya ganin fuskar da yake gogewa, domin tana manne da faifan. Da zafin da ke hawa yatsunsa da karkarwar ƙarfen yake gane ko ya isa. Idan ya ƙara dannawa kaɗan gefe ya tafi, idan ya rage zane ya rage. Ana ɗaukar shekaru kafin a yarda mutum ya taɓa kayan sayarwa. Sakamakon shi ne ƙarfen da, idan haske ya faɗa masa ta wani gefe, zai zama fari fat, a ɗan karkata shi kuma ya koma baƙi ƙirin. Haka ake yanke hannuwan agogon da sandunan da ke nuna awa, fuska-fuska, ta yadda ko da magariba ɗan hasken da ya rage zai kama ɗaya daga cikinsu, a karanta lokaci. Ƙawa ce, amma ƙawar da ke da aiki.

Cikin injin ma haka abin yake. Ɓangarori 200 zuwa 300 ne ake harhaɗawa da hantsaki a ƙarƙashin madubin ƙara girma, a wata masana'anta da ke Shizukuishi cikin lardin Iwate a arewacin Japan, wadda aka buɗe sabon gininta na katako a 2020, zanen mashahurin mai zanen gine-gine Kengo Kuma. Aiki mafi wuya shi ne daidaita siririn sifirin nan na zobe, wanda ake lanƙwasawa da hannu gwargwadon abin da ido ba zai iya aunawa ba, har sai bugunsa ya daidaita ko agogon yana kwance ko yana tsaye. Gwamnatin Japan ta karrama waɗansu daga cikin masu wannan aiki da lambar gwanayen sana'a. Kamfanin kuma shi yake ƙera kusan kome da kansa, har da gaurayen ƙarfen da ake yin sifirin da shi, abin da kamfanonin agogo kaɗan ne a duniya suke iyawa.

Sai dai fa akwai inda ya kamata a ja wa 'yan talla birki. Idan mutum ya karanta takardun kamfanin zai ɗauka wani dattijo ne ke zaune a bukka yana sassaƙa kowane haƙori da hannu, yana kallon dusar ƙanƙara. Ba haka ba ne. Injuna masu kwamfuta ne ke yanke mafi yawan ɓangarorin, ɗan ƙarfen nan mai ƙaho biyu da faifansa kuwa ana yin su da fasahar da aka aro daga masu ƙera kayan cikin kwamfuta, domin hannu ba zai kai wannan daidaito ba. Wannan ba abin kunya ba ne, hikima ce a bai wa inji abin da ya fi iyawa, a bar wa hannu nasa. Abin da ke da ɗan gundura shi ne yawan tatsuniyar yanayi: wannan fuska kwaikwayon dutsen Iwate ce, waccan dusar ƙanƙarar Nagano ce, wata kuma bawon itacen dajin da ke kusa da masana'anta. Fuskokin suna da kyau ƙwarai, ta bawon itacen ma, wadda ke ɗauke da sabon inji mai yin awa 80 bai tsaya ba, ita ta ci kyautar agogon maza a babbar gasar Jeniba ta 2021. Amma idan kowane wata aka fito da sabon launi aka laƙaba masa sunan wani tafki ko wata kaka, aka ce guda kaza kawai za a yi, to an bar sana'a an shiga kasuwanci.

Ya kamata kuma mai saye ya san cewa ba kowane Grand Seiko ne mai wani zalla ba. Akwai masu batir, akwai kuma wani nau'i da ake kira Spring Drive, wanda wani injiniya mai suna Yoshikazu Akahane ya fara tunaninsa a 1977, ya rasu a 1998, shekara guda kafin a fitar da shi kasuwa. Ƙarfinsa daga sifirin yake zuwa, amma kwaz ne ke tsare masa gudu, shi ya sa hannun sakan nasa ke tafiya sumul ba tsalle. Masu ra'ayin riƙau sukan ce wannan ba kifi ba ne ba nama ba. Wannan gardama ce ta wata rana.

Saura maganar kuɗi, inda mutane da yawa suke faɗawa rami. Wanda ya sayi wannan agogo don a gan shi a wurin biki a san ya isa, ya yi asara, domin daga nesa ba wanda zai bambanta shi da na akawu. Har 2017 ma kalmar Seiko ce a saman fuskarsa da manyan baƙaƙe, Grand Seiko tana ƙasa, sai a shekarar aka raba shi ya zama mai cin gashin kansa. Wanda ya saye shi a matsayin ajiya, kamar yadda ake sayen fili ko zinariya, shi ma zai yi da-na-sani, domin galibi da an fita da shi daga kanti farashinsa ke raguwa, saɓanin waɗansu nau'o'in Rolex da akan sayar da na hannu fiye da kuɗin sabo. Wannan bambanci shi ne ma'aunin kuɗin suna, a fili. Ga mai son aiki don aikin kansa kuwa, faɗuwar farashin na hannu alheri ce, tun da za ta ba shi dama ya samu kaya mai kyau da sauƙi. Faɗuwar wani tashin wani.

Hujjar da ake yawan kawowa cewa irin wannan agogo gado ne, ɗa zai ɗaura, jika ma ya ɗaura, gaskiya ce mai sharaɗi. Agogo mai batir idan ƙwaƙwalwarsa ta mutu aka daina yin irinta, sai jifa. Mai wani kuwa ƙarfe ne da mai, ana iya kwance shi a wanke a mayar, kuma akwai na 1960 da suke tafiya har yanzu. Amma kamfanin yana ba da shawarar a kai shi wanki da sabon mai duk bayan shekara uku ko huɗu, kuɗin wannan hidima kuma ya isa sayen agogo da yawa na talakawa. Mai gyaran da ya ƙware a Seiko 5 ba zai samu kayan gyaran sabon injin a kasuwa ba, gugar Zaratsu kuwa idan ta ƙarje ba wanda zai mayar da ita yadda take sai masu irin wancan faifai, galibi a Japan. Wanda ke zaune nesa da wakilan kamfanin ya sa wannan a lissafi tun kafin ya zaro kuɗi.

Abin da ya fi kome bukatar sa ido shi ne inda kamfanin ya dosa. Tun da ya fita kasuwar duniya a 2010 farashinsa ke hawa, kantunansa suna buɗewa a manyan titunan Faransa da Amurka kusa da na 'yan Suwizalan. A 2022 ya fitar da wani agogo mai suna Kodo, guda 20 kacal, kowanne a kan dala 350,000, wanda ya ci kyautar daidaiton lokaci a Jeniba a shekarar. Aikin gwaninta ne ba shakka, amma ba a yi shi don mai albashi ba. A 1960 matashin da ya gama jami'a a Japan yakan haɗa albashin wata biyu ya mallaki mafi kyawun agogon da ƙasarsa ta iya ƙerawa. Takwaransa na yau, idan wanda ya ci kyautar 2021 yake so, sai ya tara na wata huɗu ko fiye bai taɓa ko yen ɗaya ba, alhali faifan gugar da yatsun da ke danna ƙarfe a kansa ba su sauya ba.